Neman Maganin Ƙoda a Tsallaken Maigatari

Tun da aka share makokin Yaya Sale, duk inda na zauna sai wani ya ce, "Malam Habu, wai yaya tafiyar nan taku ta Nijar ta kasance? An ce har wajen tsohon nan na cikin waya kuka je." An tambaye ni a ɗakin malamai, an tambaye ni a majalisarmu ta bakin tasha, har a ƙofar masallaci an tare ni. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna in faɗe shi gaba ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sale wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya mini har na zama malamin kimiyya a wata sakandare a nan Gumel. Dillalin shanu ne a karar Maigatari, ƙato, mai murya. In yana ciniki a wannan gefen kasuwa, na can gefen ya san ya iso.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa da kasala, sai amai ya biyo baya. Muka kai shi Kano, likita ya ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, sai dai a riƙa yi masa wankin ƙoda. An yi masa 'yan lokuta, ya ɗan ji sauƙi, amma ya tsani abin. Ya tsani doguwar hanyar, ya tsani kwanciya yana kallon jininsa na zagaya cikin na'ura. Da ya tambayi likitan yaushe za a gama, likitan ya ce ba a gamawa. Daga ranar ya daina magana a mota.

Yana dawowa gida ya yi abin da kowa ke yi yanzu, ya ɗauki waya. Ya shiga shafin nan na matambayi-ba-ya-ɓata ya rubuta "maganin ciwon ƙoda". Abin da ya fara fito masa bidiyo ne na wani tsoho mai farin gemu zaune a gindin bishiya, wata murya tana cewa tsohon yana warkar da ƙoda ba sai an je wanki ba, har da sunan ƙauyensa a tsallaken iyaka. A ƙasa mutane sun yi ta rubuta godiya da addu'a. Yaya ya kira ni ya miƙo mini wayar, fuskarsa a sake. Rabon da in gan ta haka tun kafin mu je Kano.

Ni ma na shiga na yi nawa binciken, na fito kaina ya fi ɗaurewa. Wannan shafi ya ce a sha ruwa da yawa, wancan ya ce kul. Wani na tallar garin magani, wani na tallar asibiti a wata ƙasa. Sai na tuna da Safiya, 'yar kawunmu, wadda ke aiki a ɗakin karatun wata makarantar koyon aikin lafiya. A lokacin tana gida Gagarawa wankan jego. Can ne zangon farko na wannan tafiya, ko da yake ni kaɗai na je.

Acaɓa na hau, tayarmu ta yi faci a hanya, muka tura babur cikin ranar bazara har wajen mai faci. Na isa gumi sharkaf. Inna, mahaifiyar Safiya, ta ce ba za a yi maganar ciwo da yunwa ba, ta ajiye mini ɗanwake. Bayan na ci, Safiya ta fito da kwamfutarta, muka koma gindin darbejiya a bayan katanga, don nan ne kaɗai ake samun sabis a gidan.

"Yaya Habu," ta ce, "inda kuke nema ɗin nan kamar kasuwa ne ranar da take ci. Mai gaskiya na ciki, maƙaryaci na ciki, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara ji. Yana da amfaninsa, in asibiti kake nema, ko bayani mai sauƙi daga wata hukumar lafiya, in dai ka san wanda za ka buɗe. Amma in tambayarka ita ce ko wani magani yana aiki, ba nan ake zuwa ba."

Ta buɗe mini wani rumbun bayanai da likitoci da masu bincike ke tara rubuce-rubucensu. Babu hoto, babu talla, sai layuka na Turanci mai nauyi. Ta ce galibin abin da ke ciki sai da wasu masana suka duba shi kafin a buga, kuma kowane rubutu da sunan masu shi da inda suka yi aikin. Ta nuna mini yadda ake taƙaita nema, da yadda ake fara karanta waɗanda suka tattara binciken mutane da yawa wuri guda. Wasu a kulle suke sai an biya, muka tsallake su. Na ƙasarmu kuma ba su da yawa. Ta gargaɗe ni cewa wannan ba zai maye gurbin likitansa ba, sai dai ya taimake ni in fahimci abin da likitan ke faɗa.

Muka yi ta karatu, jaririyarta na barci a cinyarta. Ba mu ga inda wani jiƙo ya dawo da ƙodar da ta riga ta gaza ba. Abin da muka yi ta cin karo da shi ma shi ne gargaɗi cewa wasu jiƙe-jiƙen da wasu magungunan kashe ciwo suna ƙarasa ɗan abin da ya rage. Safiya ta rufe kwamfutar tana share ido da gefen mayafinta. Yaya Sale ne ya yi mata sayayyar kayan ɗaki lokacin aurenta.

Na dawo Gumel na faɗa wa Yaya komai, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Habu, naka ya ce babu, nawa ya ce akwai. In kai ne a kwance a nan, wanne za ka bi?"

Na ce, "Yaya, nawa ba ya sayar da komai."

"Na ji. Ko za ka raka ni, ko in nemi wani?"

Na ce zan raka shi, da sharaɗin ba zai sha komai ba sai mun kira likitansa, kuma muna dawowa za mu wuce Kano. Ya yarda.

Muka tashi ranar da kasuwar Maigatari ke ci, don a nan ne za mu sami abokin cinikinsa na tsallake, Elhaji Mamman, wanda ya san ƙauyen. Da ban yarda mun bi ta kara ba, amma Yaya ya nace. Nan na ga abin da ya karya mini zuciya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya da shi suka wuce mu ba su gane shi ba. Fuskarsa ta kumbura, jikinsa ya zube, silifas ɗin wanka ne kawai ke shiga ƙafarsa. Sai da ya yi sallama wani dattijo ya juyo ya ce, "Innalillahi! Sale, kai ne?" Kan ka ce kwabo an kewaye shi. Aka jawo wani bajimi fari aka ce ya sa masa ido. Ya dafa tozonsa, ya duba haƙora, ya faɗi kuɗin da zai yi, aka yi dariya aka ce dillali bai tsufa ba. Da muka fito sai da ya jingina da wata babbar mota yana haki kafin ya iya ɗaga ƙafa.

A bakin iyaka jami'an wajenmu ba su tsayar da mu ba, sun san Elhaji Mamman. A tsallake wani jandarma matashi ya karɓi katinmu na ɗan ƙasa. Ya dubi na Yaya, ya dubi fuskarsa, ya sake duban katin.

"Wannan ba kai ne ba, Baba."

Yaya ya ce, "Ni ne, ɗana. A da."

Yaron ya kalli ƙafafun Yaya. Ya miƙa katin da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba da lafiya," ya sa aka kawo masa benci ya zauna kafin a gama da sauran fasinjoji.

Daga nan kwalta ta ƙare mana. Muka shiga wata tsohuwar a-kori-kura da mata 'yan kasuwa da buhunan gero da akuya guda. Yaya aka sa a gaba. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a rairayi, direba ya ce maza su sauko a tura. Muka sauka muna tono da hannu, ana sa rassan geza a ƙarƙashin taya. Na ɗaga kai na ga Yaya ya buɗe ƙofa yana ƙoƙarin saukowa. Wata tsohuwa ta ce masa, "Zamna, bawan Allah, ka yi naka turin a duniya." Ya koma ya zauna, ya juya fuskarsa gefe. Mutumin da na sha gani yana kayar da sa shi kaɗai.

Gidan Elhaji Mamman muka sauka, a wani gari da ke kusa da ƙauyen tsohon. Mutanen can Hausawa ne kamar mu, amma akwai abubuwan da suka ba ni mamaki. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai sun tambayi gajiya da rana da iyali da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka gari yakan mutu, har mai shago ya rufe ya kwanta. Asibiti suke kira likita, shi kuma likitan lokotoro. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, in ba ka tsoma a shayi ba sai ya kankare maka dasashi. Shayin kuma ba a gaggawarsa, ana dafa shi a kan gawayi ana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, zagaye bayan zagaye.

Da maƙwabta suka shigo gaishe mu, Elhaji ya nuna ni ya ce, "Wannan ƙanensa ne, mushe ne a Gumel." Raina ya ɓaci, na ce, "Elhaji, me na yi maka?" Ashe a wajensu malamin makarantar boko ake ce wa haka, daga Faransanci suka aro. Yaya ya yi dariya har da hawaye, har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Na yi shekaru ina neman sunan da ya dace da kai." Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji da ƙarfi, kuma har muka bar garin mushe yake kira na.

An yanka mana ɗan akuya, aka yi tuwon gero miyar kuka, aka dama fura da nono mai kyau. Yaya ya kai loma biyu ya ture kwanon. Ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Matar Elhaji ta aiko a tambaya ko girkin ne bai yi ba, ya ce a gaya mata bakinsa ne ya lalace, ba hannunta ba.

Da safe muka hau amalanke zuwa ƙauyen. Tun daga nesa Yaya ya gane bishiyar, wata tsamiya a ƙofar wani gida na zana. Ya gyara hularsa. Tsohon yana zaune a gindinta yana wasa aska, shi ne dai na cikin waya, sai dai ya fi ƙanƙanta a ido. Baba Ila ake kiran sa. Muka yi sallama, ya amsa, idonsa ya sauka kan ƙafafun Yaya. Sai na ga kafaɗunsa sun faɗi.

"Ku ma wayar ta turo ku?" ya ce.

Yaya ya ce, "Ita ce, Baba. Daga Gumel muke."

Tsohon ya ajiye askar. Ya ce shi wanzami ne, gadon gidansu ne. Yana aski, yana ƙaho, yana ba da ɗan sassaƙen shawara da na basir kamar yadda ya tarar ana yi. Wata rana wani saurayi ɗan birni ya zo ya ce yana tattara tarihin wanzamai, ya ɗauke shi a waya. Daga baya ya ji an ɗora wata murya a kan hotonsa, ana sayar da jarkoki da sunansa a wani gari da bai taɓa zuwa ba.

"Wallahi, ɗana, ban san maganin ƙoda ba. Da na sani da na ba ka kyauta. Tun bara mutane ke zuwa, wasu a goye, wasu a amalanke kamar ku. Akwai waɗanda muka binne a maƙabartarmu nan, ba su kai ga komawa ba. Na sa an rubuta a wayar cewa ƙarya ne, an ce mini maganata ta nutse a ƙasa, ba mai ganin ta."

Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Na zo da shirin faɗa da macuci, sai ga dattijo yana ba mu haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.  Yaya ya daɗe yana kallon hannayensa. Can ya cire hula ya ce, "To, Baba, tunda na zo, yi mini aski."

Baba Ila ya jiƙa masa kai ya aske shi tas a hankali, yana yi masa addu'a. Da Yaya ya miƙa masa abin goro ya ƙi karɓa.

A hanyar komawa muka tsaya a wata inuwa don shanun amalanken su huta. Elhaji Mamman ya matsa gefe ya ba mu wuri. Yaya ya ce, "Habu, wannan rumbun naku da Safiya. Ka ce ba ya ƙarya?"

Na ce, "Yana iya kuskure, Yaya. Amma in an gano, ana gyarawa."

"To me ya ce game da wanda ya ce ya gaji da wanki? Faɗa mini da Hausa, kar ka zagaya."

Na karanta wannan ma a Gagarawa, amma ban taɓa zaton za a tambaye ni ba. Na gaya masa cewa likitoci sun san da masu zaɓar haka, kuma ba a yasar da su, akwai kulawar da ake ba su don rage wahala. Na ce jiki zai ƙara nauyi, abinci zai fita daga rai, barci zai yi ta ƙaruwa, numfashi na iya yin wuya. Na ce ga wanda ya riga ya fara wanki ya daina, abin ba ya daɗewa.

"Mutum yana samun damar sallamar mutanensa?"

"Yana samu, in bai jinkirta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ka ga wannan bai yi mini daɗi ba, amma na san inda zan sa ƙafata."

Da muka dawo bakin iyaka, muna jiran mota, wata mata ta matso kusa da mu. Tana tare da mijinta, wanda ke zaune a ƙasa ya jingina da jaka, fuskarsa kamar ta Yaya. Daga wajen Haɗeja suka fito. Ta miƙo mini waya ta ce, "Don Allah, Malam, ko kun san hanyar garin wannan bawan Allah?" Na duba wayar, sai ga Baba Ila a gindin tsamiyarsa.

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Baiwar Allah, daga can muke. Dube ni da kyau." Ya gaya musu komai, ya ce su juya su koma asibiti tun da sauran ƙarfi. Mijin ya saurara idonsa a rufe. Matar ta yi godiya, ta ce Allah ya saka. Da motarmu ta tashi na waiwaya, na hango ta tana ciniki da direban a-kori-kura. Yaya ma ya gani. Ya ce, "Kar ka ga laifinsu. Da wani ya tare ni a nan ni ma wucewa zan yi."

Mun iso Gumel na ce mu shiga gida ya huta, gobe mu kama hanyar Kano. Ya ce a'a, mu wuce Sule Tankarkar wajen Yaya Ladi, babbar yayarmu, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa duba shi. Ya ce in ya shiga ɗakinsa ba zai sake fita ba, kuma yana son ya gan ta da ƙafarsa. Muka wuce.

Yaya Ladi ta fito da sanda, ta tsaya tana kallonsa, sai ta ce, "Wa ya yi maka wannan askin mai kyau?" Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida, ta zauna kusa da kansa tana yi masa fifita.

Washegari ya kasa tashi. Na kira likitansa na Kano, ya ce a kawo shi da gaggawa. Na kara wa Yaya wayar a kunne, ya ce, "Likita, na gode da ɗawainiya. Ka yafe mini, ba zan zo ba." Likitan ya yi masa magana mai tsawo, amma Yaya bai sauya ba. A ƙarshe likitan ya gaya mini abin da za a ba shi da abin da za a guje masa, wani ma'aikacin lafiya na garin ya riƙa zuwa yana duba shi. Aka aika Gumel, matarsa da 'ya'yansa suka zo. Safiya ma ta zo da jaririyarta a baya. Abokan kara suka cika mota daga Maigatari. Ya gana da kowa, ya nemi gafara, ya yi wa kowane ɗa nasa magana shi kaɗai. Daga nan barci ya fara cin ƙarfinsa.

Tun da ciwon ya kama shi ake auna masa ruwa, ɗan kaɗan a ƙasan kofi, ga zafin bazara. Bai taɓa ƙorafi ba. Ranar ƙarshe, bayan azahar, ya buɗe ido ya kalli randar Yaya Ladi da ke kusurwar rumfa, gefenta ya yi raɓa. Ya ce yana jin ƙishirwa. Matarsa ta ɗauko ɗan kofin awon, ta dube ni. Na dubi Safiya. Likitan ya riga ya gaya mana cewa a wannan gaɓar a bar shi ya sha abin da ransa ke so, amma ba wanda ya iya fara faɗa.

Yaya Ladi ce ta miƙe da sandarta. Ta ture kofin gefe, ta ɗauki moɗa ta cika ta fal. Na tallafo kansa, ta kafa masa a baki. Ya sha a hankali yana hutawa, ruwan na zuba ta gefen gemunsa, har ya kusa shanyewa. Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ladi, randarki da sanyi."

Bai sake magana ba sai kalmar shahada da muka ji yana bin mu da ita a hankali. Ana kiran la'asar ya cika. A can Sule Tankarkar muka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.